Ƙaya Bakwai a Farantin Shayi

Baba Mai Kifi ba ya duba kifi da ido. Idan ya shimfiɗa ɓarin kifi a kan katako, fata a ƙasa, farar tsoka a sama, sai ya rufe idonsa, ya ɗora yatsansa na tsakiya daga wajen kai, ya ja shi sannu a hankali zuwa wutsiya. Inda yatsan ya tsaya, nan ƙaya take. Sai ya sa matsefata ya zare ta, ya ajiye a wani ɗan farantin shayi fari mai ɓallallen baki. Idan ya bi tsokar sau biyu bai ji komai ba, sannan ya buɗe ido, ya zaro wuƙa daga aljihun gaban rigarsa, ya yanko man shanu fele ɗaya, ɗan siririn yanki, ya ɗora a tsakiyar kifin.

Wannan man shi ne sa hannunsa. Kifin da ke da mai a kai an gama duba shi, yana iya hawa wuta. Wanda ba shi da shi, ko wa ke jira sai dai ya jira. Kuma duk wanda ya saba da shagon ya san ba a yi wa Baba magana idan idonsa a rufe yake.

Shagon ɗaki ɗaya ne da ɗan fili a baya, a kan titin da ke gangarawa tashar mota. Teburi huɗu ne, ɗaya yana da gajeriyar ƙafa, an tokare ta da ninkakken kwali. Murhun gashi yana bakin ƙofar baya saboda hayaƙi. Baba ya fara ne da wanke kwanuka a wani babban otal tun yana saurayi. Tsohon kukun wurin ya ga yadda yake goge cokali har bayansa, sai ya jawo shi kusa da wuta. Shekara goma ya yi a can. Ranar da ya bar aikin ya fito da wuƙa ɗaya, da matsefata, da girki ɗaya tak da ya yarda ya iya, kuma bai taɓa ƙara wani a kai ba.

Kowace safiya yakan fito da man shanu ya bar shi ya yi laushi. Ya je baya, inda ya shuka ganyen ƙamshi a tsofaffin gwangwanaye, ya tsinko faski da ɗoɗɗoya da ɗan na'ana'a. Ya daddatsa su ƙanana, ya haɗa da tafarnuwa da gishiri da gogaggen ɓawon lemun tsami, ya cuɗe da man har ya zama kore-kore. Sannan ya naɗe shi a takarda kamar kyandir mai kauri, ya sa a firji ya daskare. Ba ya juya kifi a kan wayar gashi. Fatar ce ke shan wuta, man kuma yana narkewa daga sama yana ratsa tsokar, ga murfin tukunya an kife a kai. A gefen wayar, inda zafi bai yi yawa ba, yakan jera karas da koren tattasai da albasa da yalo, su yi laushi, bakinsu ya ɗan ƙone.

Babbar 'yarsa ita ke riƙe da gaban shagon. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba, har mijinta. Baƙi sukan tambaya yayar wa ce, tunda ba su ga ƙani ko ƙanwa ba. Sai ta ce, “Kifi ɗaya ko biyu?”

Cikin masu zuwa kullum akwai wani tsohon direba da ya ajiye tuƙi amma bai ajiye surutu ba. Direba kawai ake ce masa. Teburin mai gajeriyar ƙafa shi ne nasa.

“Baba, wai addu'a kake yi wa kifin nan ko barci kake? Hanjina ya naɗe.”

Baba ba zai tanka ba sai ya buɗe ido.

“Kai da ka yi shekara talatin kana ajiye fasinja a rana, yau kai ke gaggawa?”

“To ai yunwa za ta kashe ni a teburinka, a ce kai ne.”

“Yunwa ba ta taɓa kashe kowa a shagon nan ba,” in ji Baba.

Mutane suka yi dariya. Yaya, da ke goge tebur, ta ci gaba da goge wuri ɗaya.

Wani abin da ake tsokanarsu da shi, daga uban har 'yar babu mai cin kifi. Da rana burodi suke ci da gasasshen kayan lambu, a tsaye, kowa yana fuskantar bangonsa. Direba ya ce sun san abin da suke sawa a ciki ne, shi ya sa. Idan kuma wani ya yi tari yana cikin ci, ko da ruwa ne ya sarƙe shi, sai ka ga su biyun sun tsaya cik, shi da mafici a hannu, ita da faranti, har sai mutumin ya yi magana.

Bayan ƙofar shagon akwai 'yar kujera ta katako, tsawonta bai kai gwiwa ba. Ba a zama a kai, ba a kuma ɗauke ta. Ta Auta ce.

Yaya tana da shekara tara a lokacin, ƙanwarta Auta tana da huɗu. Wata Asabar ce da tsakar rana, manyan motoci biyu suka sauke fasinja lokaci guda, shagon ya cika har ana tsaye. Inna, uwarsu, ta fita sayo gawayi. Baba yana da ɓari shida a kan katako. Ya duba huɗu ya ɗora musu mai, sai rigima ta tashi a bakin ƙofa kan wanda ya riga zuwa, ya ajiye wuƙa ya fita rabiya. Auta tana ta jan rigar yayarta tana cewa cikinta, cikinta. Yaya dai ta san abu ɗaya, kifin da ke da mai shi ke hawa wuta. Ta jawo 'yar kujerar ta taka, ta ɗauki wuƙar da hannu biyu, ta yanko man, ta ɗora a kan ɓari na biyar, mafi ƙanƙanta. Ta sauko ta mayar da kujerar wurinta.

Baba ya dawo yana share gumi, ya kwashe biyar ya ɗora a waya. Dama ƙaramin na Auta ne kullum. Da ya gasu ya miƙa wa Yaya farantin ya ce, “Ba ta, ba ƙaya.”

Auta ta ci a kan kujerarta, tana kaɗa ƙafa. Ta yi tari sau ɗaya. Aka ba ta ruwa da ɗan burodi, ta haɗiye, ta yi dariya, ta ce ya wuce. A kwana na uku ta ƙi haɗiye ko da miyau, wuyanta ya kumbura, jiki ya yi zafi. Sauran labarin gajere ne, kuma ba a cika bayar da shi ba. Sun tafi asibiti su huɗu, bayan kwana uku suka dawo su uku.

Mako biyu shagon yana rufe. Da Baba ya sake buɗewa, sai aka ga ya fara rufe ido, yana bin tsoka sau biyu, wuƙar man kuma ta koma aljihunsa. Ya gaya wa Inna, ya gaya wa maƙwabta, ya gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa ƙaya ce ta wuce shi. Yaya ta yi ta jira a tambaye ta. Ta jira ranar, ta jira shekarar. Inna ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, ta rasu ba ta tambaya ba. Yaya ta girma, ta koyi hura wuta da yankan kayan lambu da fitar da ƙashin baya, amma ba ta sake taɓa man shanun nan ba. Idan Baba ya ce ta miƙo shi daga firji, da takardarsa take ɗaukowa, da yatsu biyu.

Wani lokaci, idan aiki ya lafa, Baba yakan ɗaga ƙaramin ɓari daga waya, ya juya wajen ƙofa da farantin, bakinsa ya buɗe kamar zai kira wani. Sai ya tsaya, ya miƙa wa Yaya ya ce, “Tebur na biyu.”

Shekara talatin da biyu suka yi a haka. Sannan ciwon suga ya fara cin yatsunsa. Ya ce ji yake kamar ya sa safar hannu. Yaya ta lura ya koma bin tsoka sau uku, sau huɗu, yana danna ta har tana lotsawa. Likita kuma, ranar da ta raka shi, ya tsayar da ita a baranda ya ce zuciyar tsohon ta gaji, a rage masa tsayuwa gaban wuta, kuma in akwai wani abu da ake so a yi, kada a ce sai baɗi.

Wata Laraba Direba yana cikin ci yana ba da labarin wata mota da ya taɓa tuƙawa ba birki, sai ya yi shiru. Ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro wani abu, ya yi sauri ya tura ƙarƙashin albasa.

“Nuna mini,” in ji Baba daga bakin murhu.

“Me? Babu komai. Haƙorina ne ke rawa, tsufa.”

“Direba. Nuna mini.”

“Haba Baba, shekara nawa ina ci a nan? Ɗan siririn abu, ko gashin gemuna ya fi shi kauri.”

Baba ya zo da kansa, ya ɗage albasar, ya ɗauki ƙayar. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Ya kai ta ya sa a farantin shayi tare da 'yan uwanta.

“Ta biyu ke nan,” ya ce.

Ya zuba ruwa a garwashin da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire wuƙar daga aljihu ya ajiye a kan katako, ya je ya zauna a baya cikin gwangwanayen ganyensa.

Kwana uku shagon bai gasa komai ba. Baba yana zuwa da safe kamar kullum, ya buɗe, ya ba shuka ruwa, ya zauna. Direba ya leƙo sau biyu ya rantse cewa ƙayar daga gida ya taho da ita a haƙori, babu wanda ya yi dariya. Yaya kuwa kalmar nan ce ke bin ta duk inda ta juya. Ta biyu. Mutumin nan zai tafi kabarinsa ɗauke da ta farko, alhali ba tasa ba ce. Ta ƙaramar yarinya ce, da ta taka kujera. Sau biyu tana zuwa bakin ƙofar baya da maganar a bakinta, sai ta ce, “A kawo maka shayi?”

A kwana na huɗu da hantsi ta rufe ƙofar gaba, ta jawo 'yar kujerar nan daga bayan ƙofa, ta kai ta gabansa ta zauna a kai, gwiwoyinta har ƙirji. Baba ya kalli kujerar, bai kalle ta ba.

“Baba.”

“Na'am, uwata.”

“Ranar nan. Ranar Auta.”

Ya tsinki ganyen ɗoɗɗoya ɗaya yana murzawa.

“Ba ka duba kifin ba. Na biyar ɗin. Ka fita rabon faɗa, ni na hau wannan kujerar na yanko man na ɗora. Yunwa take ji, na ce bari nata ya riga fita. Ba yatsanka ba ne, Baba. Ni ce.”

Ta gama. A waje wata mota tana ta kiran fasinja. Baba ya shinshina ganyen, ya yar.

“Ɗauko mini man.”

Ta tashi ta ɗauko daga firji, da yatsu biyu, ta haɗa da wuƙar. Ya ɗora a gwiwarsa, ya warware takardar, ya yanka fele ɗaya, ya ɗaga mata a kan bakin wuƙar.

“Duba. Fiye da shekara arba'in ina wannan yankan. Ko yanzu da yatsun suka mutu, kin ga ya karkace?”

“A'a.”

“Wancan kuwa gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar takarda. Har da shaidar ɗan yatsa a jikinsa, ƙarami, inda aka danna shi don ya zauna.”

Yaya ta koma ta zauna a kujerar ba tare da ta sani ba.

“Ka gani?”

“Na gani. Na tsaya a kansa. Mutane na buga tebur a waje. Na ce a raina, ɗan ƙaramin ɓari ne, me zai kasance a ciki.” Ya ajiye wuƙar. “Ke shekararki tara. Ni talatin da takwas.”

“To me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?”

“In faɗa wa Innarki na ga yankan wa?”

Ta kalli wuƙar da ya ajiye.

“Na ɗauka kin manta,” ya ce. “Yara suna mantuwa. Na ce Allah ya sa ta manta. Sai da kika zama budurwa na ga yadda kike riƙe takardar nan, sannan na gane. Amma lokacin shirun ya riga ya yi tsawo, na rasa ta inda zan kama shi.”

“Ni kuma ina ta jira ka tambaye ni.”

“Uhm.”

Suka zauna. Rana ta matso ta hau kan gwangwanayen. Ba wanda ya yi kuka sosai, sai dai Yaya ta goge fuska da bakin ɗankwalinta sau biyu, Baba kuma ya yi kamar hayaƙi ne ya shiga idonsa, ko da yake kwana uku ba a hura wuta ba.

Can ya ce, “Akwai kifi?”

“Mai kawowa ya ajiye ɗaya da safe, ya ce ko za ka canza shawara. Ƙarami ne.”

“Ya isa. Feɗe mini shi. Ni zan bi sau ɗaya, ke ki bi na biyu, yatsunki suna da rai. Sannan ki yanka man.”

“Ni?”

“Akwai wata Yaya a nan?”

“Wa zai ci?”

“Ni da ke. Sai dai in kina so mu kira Direba ya zo ya cika mu da labarin birki.”

Ta yi 'yar dariya, irin wadda ke fitowa ta hanci. Ta wanke kifin, ta kankare shi, ta fitar da ƙashin baya, ta shimfiɗa ɓari ɗaya a katako. Saboda maganar likita ta jawo masa doguwar kujera gaban teburin yanka, ya zauna bai yi gardama ba. Ya matso da farantin shayi, ya goge matsefata a rigarsa.

“Karas ɗin ki yanka shi a tsaye, ba a kwance ba,” ya ce. “Kuma kada ki cika gawayi, kifi ɗaya ne.”

“Baba, shekara nawa ina hura wutar nan?”

“Shi ya sa nake faɗa.”

Ta fita baya. Ta jera gawayi, ta kunna, ta yi ta fifita har ya kama. Daga ciki tana jin ƙaramin sautin da ta taso da shi, ƙit, ƙit, matsefata na taɓa bakin faranti. Ta yanka karas a tsaye, da tattasai, da albasa, da yalo ɗaya da ya fara yaushi, ta shafa musu gishiri ta jera a gefen waya. Ta wanke hannu sosai, har tsakanin yatsu, ta share su a tsumma mai tsabta. Ta kalli yatsanta na tsakiya kamar yau ta fara ganinsa.

Da ta shigo ta same shi yadda ta saba samunsa, ido a rufe, kai a ɗan sunkuye, yatsa a kan tsoka. Sai ta tsaya a gefensa ta yi shiru, don ba a yi wa Baba magana idan idonsa a rufe yake.

Ta jira. Ƙamshin albasa ya shigo daga baya, sannan ya fara komawa ƙauri. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba, muryar Direba ce, yana cewa ya ga hayaƙi, kada a ci amanarsa. Ya gaji ya tafi. Ta ci gaba da jira, har ta lura yatsan bai matsa ba tun shigowarta.

“Baba,” ta ce a hankali, karo na farko a rayuwarta da ta kira shi yana cikin aiki. Ta taɓa kafaɗarsa, ta ji babu numfashi.

Ƙaya bakwai ne a farantin shayi, a jere. Yatsan ya tsaya a tsakiyar tsokar, kuma daidai ƙarƙashinsa, da ta sunkuya, ta ga ɗan farin kan ta takwas ya leƙo. Daga nan zuwa wutsiya ba a bi ba tukuna. Man shanun yana gefe a buɗe, ya fara laushi, wuƙar tana kusa da shi, an juyo ƙotarta wajen da Yaya take tsayawa.